Na ba manhaja hoton tsohuwar Ƙofar Na'isa, ta ƙago mata baya

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu harkar 3D a gidan nan. Aikina na kammala digiri a kan ƙofofin Kano ne, kuma ina so in fitar da tsohuwar Ƙofar Na'isa yadda take kafin a rushe ta a 2010 lokacin faɗaɗa titi. Hoto ɗaya gare ni mai kyau, daga wajen ganuwa aka ɗauke shi. Na ɗora shi a wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke mayar da hoto siffar 3D, wato siffar da ake juyawa a allo a kalle ta ta kowane ɓangare, kafin ka ce kwabo ta fito da abu. Ta gaba kam ba laifi, ƙofar ce sak. Da na juya ta baya sai ga matattakalar dutse, ga tagogi biyu masu tsini, har da wani ɗan bene a sama. A unguwar nan aka haife ni, ban taɓa ganin tagogin nan ba. Akwai manhajar da ta fi wannan ne, ko saiti ne ban iya ba? Kuma malamina zai karɓi irin wannan?

Safiyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba saiti ba ne, kuma ko ka canza manhaja goma labarin ɗaya ne. Abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya a kasuwa, sai an raba su.

Na farko awo ne. Ka zagaya abu ka ɗauke shi hoto ta kowane ɓangare, kwamfuta ta nemo alama ɗaya a hotuna da yawa, misali wata tsaguwa a jikin bango, daga bambancin wurin da alamar ta faɗo a kowane hoto ta lissafa inda ka tsaya da nisan alamar. Ta yi haka ga ɗigogi dubbai ko miliyoyi, sannan ta ɗaure su da raga ta shimfiɗa launin hoton a kai. Wannan tsohuwar sana'a ce, masu taswira suna yin ta da hotunan jirgin sama tun kafin a san kwamfuta. Meshroom da COLMAP da Metashape duk aikinsu ke nan.

Na biyu kintace ne. An nuna wa na'ura siffofi masu ɗimbin yawa har ta haddace yadda abubuwa suka saba kasancewa. Ka ba ta gaba, ta cike baya da abin da ta saba gani. Kamar ka kai wa tela hoton gaban riga ne kawai, zai ɗinka maka baya, amma irin wanda hannunsa ya saba da shi. Naka na biyun ne. Ba ta taɓa ganin cikin Ƙofar Na'isa ba, to daga ina za ta samo shi?

Ɗan Gwale:
To Yaya Safiyo, me ya sa ta zaɓi benen Turawa? Ai ko kintace za ta yi, da ta kintata da soro da zanko.

Mai Blender:
Saboda abin da aka ciyar da ita ke nan. Babban rumbun da masu bincike da yawa suka koyar da irin waɗannan na'urori da shi sunansa Objaverse, cibiyar Allen da ke Amurka ta fitar, siffofi sama da 800,000, daga Sketchfab, shafin da mutane ke ɗora siffofin 3D, aka kwaso su. A 2023 suka fitar da babbansa mai sama da miliyan 10. Ka shiga Sketchfab ka nemi ganuwar Turai, za ka gaji da gani, saboda masu wasannin kwamfuta kullum ita suke ginawa. Sannan ka nemi zaure ko rumbu ko ɗaurin guga ka gani. In ta ga katanga mai kauri da ƙofa a tsakiya, abin da ta sani shi za ta manna.

Amma Oga Safiyo kada ka kashe wa mutane gwiwa. Ni da abin nake cin abinci. Ina yi wa masu zanen yara mai motsi kayan cikin gida, kujera, tulu, buta, turmi. Da can turmi ɗaya sai ya ci min yini, yanzu in ba ta hoto, ta ba ni gangar jiki, in gyara a Blender, manhajar da ake gina siffar 3D da hannu. Cikin manhajojin kintacen nan, TripoSR da aka saki a Maris 2024 ƙasa da daƙiƙa ɗaya take fitar da siffa in kwamfutar mai ƙarfi ce. Microsoft sun saki TRELLIS a ƙarshen shekarar, Tencent na Sin suna da Hunyuan3D. Wa ya damu da ko bayan turmin cikin katun ya yi daidai da na gaskiya?

Safiyo:
Ba wanda ya damu, kuma ban hana ka ba. Turmin katun ba a kafa hujja da shi. Yaron nan aikin tarihi zai miƙa wa jami'a, wata rana wani ya ɗauko ya ce haka ƙofar take.

Maman Ilham:
Sallama dai masu ilimi, ku yi haƙuri in ɗan tsoma baki. Ni jakunkuna da takalman fata nake sayarwa a Instagram, wani yaro ya ce in biya shi ya mayar min da su 3D, mai saye ya riƙa juyawa da yatsa. Hoto ɗaɗɗaya ya karɓa. Da ya turo sai na ga ɗinkin bayan jakar ba nawa ba ne, har zif ya ƙaru. Shi ne abin da kuke faɗa ko?

Safiyo:
Shi ne, Hajiya. Kada ki ɗora wannan, mai saye zai ce kin yi masa algus, kuma da gaskiyarsa. Ke da jakar ke hannunki ma ba ki da buƙatar kintace. Ki sauke Polycam ko KIRI Engine ko Scaniverse a waya. Ki cusa wa jakar takarda ta tsaya da kyau, ki ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno a inuwa, ba cikin rana ba, kada ki kunna fitilar kyamara. Ki zagaya a hankali kina ɗauka, kowane hoto ya maimaita kamar kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Zagaye ɗaya daidai da ita, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa kaɗan. Hoto 60 zuwa 100 ya ishi jaka. Kada ki zuƙo da kyamara, ke ki matsa da ƙafarki. Jan fatar nan mai zane tana fita da kyau. Abin da ke ba su wahala shi ne mai sheƙi, gilashi, madubi, kwanon silba, saboda walƙiyar tana bin ki duk inda kika juya, kwamfuta ta rasa alamar da za ta riƙe.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Wato kuɗina ya tafi ke nan.

Bazazzagi:
Ni maganar ƙofar ce ta taɓa ni. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin Babban Gwani ne tun shekarun 1830. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon nan ya ɗaga kai ya san abin da nake nufi. Mutum nawa suka shiga da waya a aljihu shekara da shekaru? Da kowa ya san abin da Safiyo ya faɗa yanzu, da yamma ɗaya ta isa a ɗauke cikin nan kaf. Abin da ya taimake mu shi ne wani Bature ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya bi gine-ginen gargajiyar Najeriya da tef da takarda ya auna su, har aka gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. Mutum ɗaya da 'yan taimakonsa, babu manhaja babu komai.

Damagaram227:
Mu ma nan haka ta faru. Ran 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, mutane na tsaye suna ɗauka da salula. Ni ina da hotunansa, abokaina na lakwal suna da su, masu zuwa yawon buɗe ido sun ɗauka shekara da shekaru. Tambayata ga Malam Safiyo, in muka tara waɗannan duka, ba za a iya awon da su ba? Ai ba hoto guda ba ne.

Safiyo:
Wannan ita ce tambayar da ta dace, kuma amsarta e, an taɓa yi. A 2009 masu bincike a Jami'ar Washington suka kwashi hotunan birnin Rum 150,000 da mutane suka zuba a shafin hotuna na Flickr, suka fitar da siffar manyan gine-ginen birnin daga ciki. A 2015 da 'yan ISIS suka farfasa kayan gidan tarihin Mosul a Iraƙi, wasu ɗalibai biyu masu nazarin kayan tarihi a Turai suka buɗe shafi suka roƙi duk wanda ya taɓa ziyartar wurin ya turo hoto. Da hotunan nan aka dawo da siffar zakin Mosul. Aikin ya koma suna Rekrei daga baya.

Sai dai ka shirya wa abu biyu. Mutane wuri ɗaya suke tsayawa su ɗauki hoto, inda ginin ya fi kyau. Za ka samu gaba ɗari, baya ko ɗaya babu, rufi kuwa sai wanda ya hau. Siffar za ta fito da ramuka. Na biyu, hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook an matse shi, an kuma goge bayanan kyamarar da ke cikinsa, waɗanda manhajar ke amfani da su ta san irin gilashin da ya ɗauka. Ka roƙi na asali.

Mai Blender:
To ga inda zan kama ka, Oga. Ramukan nan fa? Ka bar su a buɗe? Kuma katangar da ka gina tsakanin awo da kintace ta fara zubewa. NeRF, wata dabarar fitar da siffa daga hotuna da ta fito a 2020, ƙirƙirarriyar basira ce, amma daga hotunanka take koyo, ba daga na wasu ba. Gaussian Splatting da 'yan cibiyar bincike ta Inria a Faransa suka fitar a 2023 ita ma hotunan gaske take ci, kuma har ganyen bishiya da sheƙin ruwa tana kamawa. Ga DUSt3R ta kamfanin Naver, hoto biyu ko uku ma tana haɗawa ba tare da bayanan kyamara ba. Tsofaffin hotunan da Metashape za ta ƙi, waɗannan suna karɓa. Da babu gara ba daɗi.

Safiyo:
Na yarda da rabin maganarka. Waɗannan sabbin suna taimakawa sosai wajen haɗa hotunan da suka yi ƙaranci, ni ma ina gwada su. Amma ka lura, duk abin da ka lissafa, inda kyamara ba ta kalla ba ko dai ya fito hazo ko ya fito rami. Wanda ke cike ramin da gini mai kyau sumul shi ne matsalar, domin ba ya sa alama. Inda ya gani da inda ya ƙaga duk launi ɗaya, kyau ɗaya. Rami ya gaya maka ban sani ba. A nan babu ta fi ba daɗi, tunda mai kallo bai san wanne ne ba daɗin ba.

Kuma Gaussian ɗin ba raga ba ce, tarin ɗigogi ne masu launi. Ta yi kyau a allo, amma ba za ka tura ta injin buga 3D kai tsaye ba, sai an juya ta.

Ɗan Sarkin Magina:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni ban san Blender ba, amma a gidan gini na tashi, mahaifina da kakana da ƙasa suka yi aiki. Akwai abin da dukkanku ba ku faɗa ba. Ginin ƙasa ba ya tsayawa a siffa ɗaya. Damina ta ci, a sake yaɓe. Bana magini ya ɗaga zanko, baɗi wani ya rage shi. A canza indararo, a toshe taga, a shafa makuba, wani lokaci a zo a lafta siminti. Hoton 1970 da na 1995 da na 2008 na ƙofa ɗaya ba jiki ɗaya suka ɗauka ba. In kuka zuba su tukunya ɗaya, wace ƙofar ce za ta fito?

Sannan duk abin da ya sa ginin ya tsaya a ciki yake. Yadda aka jera tubali, kaurin gindi da yadda yake sirancewa zuwa sama, inda aka dasa azara, tsawon kowace da yadda aka haɗa su baki da baki har suka yi baka. Azara ba ta ɗaukar nisa mai yawa ita kaɗai, shi ya sa ake haɗa ta daki-daki. Hoto fata kawai yake gani. Ko hoto dubu ka ɗauka ba zai gaya maka abin da ke ƙarƙashin yaɓe ba.

Safiyo:
Ranka ya daɗe, wannan magana ta fi duk abin da na rubuta. Damagaram, ka ji, sai an ware hotunan shekara-shekara, kada a gauraya.

Bazazzagi:
Abin da Baba ya faɗa ya faru a Timbuktu. Da aka rusa hubbaren waliyyai a 2012, UNESCO ta tara tsofaffin hotuna da bayanai, amma maginan garin ne suka sake gina su, waɗanda suka gaji aikin, aka gama a 2015. Kuma ku duba garin Djenne a Mali, duk shekara gari ke fitowa a yi wa masallaci sabon yaɓe. 'Yan Zamani Project na Jami'ar Cape Town sun je sun auna shi da na'urar leza, amma abin da suka samu masallacin wannan shekarar ne.

Abu Hanifa Jr:
Ni tambayata daban ce. In mutum ya ba ta hoton mahaifinsa da ya rasu ta fitar da kansa, ya kai aka buga masa da roba, mene ne hukuncinsa? Ba mutum-mutumi ba ne wannan?

Admin:
Malam, tambayar tana da muhimmanci amma nan ba zauren fatawa ba ne, a kai ta wurin malamai. Mu tsaya a kan gini da kaya.

Mai Blender:
Ta ɓangaren fasaha kawai zan ce, ƙeyar da kunnuwan da za ta fitar ba na mahaifinka ba ne. Na wani ne ko na kowa.

Ɗan Gwale:
To jama'a yanzu ni ina zan dosa? Ƙofar dai babu ita, ba zan iya zagaya ta ba.

Safiyo:
Ga yadda zan yi in ni ne. Ka fara neman hotuna, ba manhaja ba. Gidan Makama, tsofaffin masu ɗaukar hoto na cikin gari, gidajen da ke maƙwabtaka da ƙofar, hotunan biki da na hawan Sallah da ƙofar ta fito a bayan mutane. Ko uku ka samu daga cikin gari sun fi abin da ke hannunka. Ka ware na shekaru kusa da juna kamar yadda Baba ya ce. Abin da ya haɗu da awo, ka bar shi da launinsa. Abin da bai haɗu ba ka gina shi da hannunka a Blender, bisa abin da dattawan unguwa da magina suka shaida maka, ka ba shi launin toka, ka rubuta wa ya faɗa. Malaminka zai fi girmama wannan.

Kada ka manta ma'auni. Hoto bai san mita ba, siffar za ta iya fitowa daidai amma kwamfuta ba ta san ko ƙofar gari ce ko ta akurki ba. Sai ka ba ta tsawon abu ɗaya da ka tabbatar. A tsohon hoto ka nemi abin da har yanzu yana nan ka je ka auna shi.

Ɗan Sarkin Magina:
In ka tashi ka zo da hoton a takarda babba, akwai dattawa biyu da suka yi yaɓe a ƙofofin nan, zan kai ka. Amma ka zo da goro, kuma kada ka zo da gaggawa.

Ɗan Gwale:
Godiya nake Baba, Allah ya ƙara girma. Zan yi maka magana ta akwati.

Mai Blender:
Ni kuma abin da ke ci min rai, muna nan muna kukan wanda ya faɗi, waɗanda ke tsaye fa? Hasumiyar Gobarau tana nan a Katsina. Masallacin Agadez da hasumiyarsa mai mita 27 yana nan. Masallacin Yaama na Nijar da ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986 yana nan. Ragowar badala kullum raguwa take. Bangon ƙasa ma ya fi farin bangon siminti sauƙin ɗauka, don duk jikinsa alama ce, sawun yatsun mai yaɓe kaɗai ya ishi kwamfuta. Manhajar awo ta RealityCapture da kamfanin Epic ya saya, a 2024 ya mayar da ita kyauta ga ɗalibai da duk wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, wato mu duka. Kuma in muka ɗora namu a intanet da yawa, wata rana na'urar in ta ga katanga za ta san akwai zanko a duniya.

Damagaram227:
Kyauta ce amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, ga kuran, wato wutar lantarki, da ba ya zama. Wa ke da irin ta?

Safiyo:
Gaskiya ne, ita da Meshroom sun fi son kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kamfanin Nvidia. Amma ɗaukar hoton ba ya jiran wannan. A ɗauka yanzu a ajiye, lissafi ko baɗi a yi. Ina da inji a ofis, wanda ya tara nasa ya turo in juya masa da dare. Ga babban gini a fita da sassafe ko ranar da gari ya yi lumshi, inuwa mai kaifi tana manne wa siffar. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura. Saman gini sai da jirgi marar matuƙi, shi kuma a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da ta tsaro, kada wani ya je ya tayar da shi kusa da fada ya ja wa kansa. A nemi izinin masu wurin ma kafin a fara zagaya masallaci da waya.

Bazazzagi:
Mai Blender, wannan ta ƙarshe da ka faɗa ban gamsu ba. Mu sha rana mu auna, mu ɗora kyauta, kamfani ya kwashe ya koyar da na'urarsa, ya dawo ya sayar mana da dala duk wata?

Mai Blender:
Akwai lasisin da za ka zaɓa lokacin ɗorawa, har Sketchfab ta sa alamar da ke cewa ba a yarda a koyar da na'ura da abinka ba. Ko suna bi ko ba sa bi, wannan wata muhawarar ce. Amma ka zaɓi ɗaya, ko ka ɓoye ta ci gaba da yi wa ƙofofinmu benen Turawa, ko ka bayar.

Bazazzagi:
Ban yarda zaɓi biyu ne kawai ba. Jami'o'inmu su riƙe na asali, a fitar da mai sauƙi ga jama'a.

Admin:
Wannan ku buɗe mata zare daban, za ta yi tsawo. Na buɗe jaka biyu a Google Drive, ɗaya ta Ƙofar Na'isa, ɗaya ta masallacin Birni, mahaɗin na sama. Duk wanda zai saka hoto ya rubuta shekara a sunan fayil ɗin, ko da kintace ne ya sa alamar tambaya.

Damagaram227:
Hotunan da aka wanke a takarda fa? Na kawuna duk a albam suke.

Safiyo:
A sa su a sikana, a saita ƙarfinta a 600 dpi in zai yiwu, kuma kada a yanke gefensu ko kaɗan, manhajar tana buƙatar hoton cikakke don ta gane tsakiyarsa. In babu sikana a shimfiɗa a inuwa a ɗauka da waya daga sama daidai, a turo shi a matsayin fayil. In akwai rubutu a bayan hoton shi ma a ɗauko.